Tagar da Tsintsiya Ta Tsallake

Kafin maigadi ya gama naɗe tabarmarsa ta iso. Shekara da shekaru haka take yi, har shi maigadin ya daina duba agogo, in ya ji takunta a bakin ƙofa ya san gari ya waye da gaske. Takan hau bene zuwa ofishin masu zanen gine-gine, ta ajiye jakarta, ta kunna kwamfuta, ta jona butar shayi. Idan ruwa ya tafasa sai ta danna wani fayil guda ɗaya, ta juya masa baya, ta zuba sukari a kofi tana juyawa da cokali. In ta ajiye cokali ta waiwayo ta tarar fayil ya buɗe, sai ta yi hamdala ta kurɓi shayinta. In kuwa ta tarar da 'yar da'irar nan tana ta kewaye a allo kamar akuya a turke, to ranar akwai wanda zai yi bayani.

Wannan fayil shi ake kira uwar zane, 'yan ofis suka gajarce suna cewa Uwa. Wanda bai san aikin ba zai ɗauka mai zanen gini a kan farar takarda yake farawa. Ba haka ba ne. A manhajar da suke aiki da ita, duk sabon gini daga Uwa ake haifarsa. A cikinta akwai irin bangon da ofis ke amfani da shi, da ƙofofi, da tagogi, da kaurin layi, da yadda ake rubuta awo, da tsarin takardar da za a buga a miƙa wa magina. Mutum ya kwafe ta, ya sa wa kwafin sunan makarantar ko asibitin da zai zana, ya kama aiki. Saboda haka duk abin da ke cikin Uwa, mai amfani da marar amfani, yana cikin kowane ɗan da ta haifa. In ta yi nauyi, zuriyar duka ta yi nauyi.

Matar da ta riƙe wannan fayil tsawon shekarun nan ita ta cancanci jinjina yau, a watan da ta ajiye aiki. A gabanta Inna ake ce mata, a bayan idonta kuwa Tsintsiya. Ta san da sunan, ba ta taɓa nuna ta sani ba, sai ranar da wani baƙo ya shigo da saƙo yana tambaya da ƙarfi wace ce Tsintsiya. Kowa ya tsura wa allonsa ido. Ita kuwa ta ɗaga hannu ba tare da ta ɗago kai ba.

Ba da kwamfuta ta fara ba. Ta shigo ofishin tun zamanin allon zane, lokacin da ake shimfiɗa takarda mai shara-shara a ja layi da alƙalamin tawada, numfashi ma sai da dabara. A wancan zamani wanda ya ja layin da bai kamata ba reza zai ɗauka ya kankare a hankali, in ya yi gaggawa ya huda takarda ya koma farko. Wanda ya sha wannan wahala ba ya ƙaunar layin banza har abada. A teburin da ke kusa da nata akwai wani mai zane siriri mai yawan dariya, kullum da fensir maƙale a kunne, har ake ce masa Mai Fensir. Ya fara da aron reza, ya koma aron rula, daga ƙarshe dai manyansa suka je suka nemo masa mai rezar gaba ɗaya. Suka yi aure, suka samu 'ya'ya, suka ci gaba da zama tebur kusa da tebur har kwamfuta ta zo ta kori allon zane. Shi bai daɗe a sabon zamanin ba. Ciwo ya kwantar da shi 'yan watanni, Allah ya karɓi abinsa. Da ta dawo aiki ta tarar an matsar da teburinsa, ta zauna a nata ta ci gaba.

A shekarun farko babu mai kula da Uwa. Ta kowa ce, kowa kuma ya mayar da ita ɗakin shirgi. Wanda ya zana ƙofar da ta burge shi sai ya cusa ta ciki don kada ta ɓace. Wanda ya tsinci kujerar alfarma a intanet ya cusa. Akwai bishiyoyi, akwai motoci, akwai wani mutum-mutumi riƙe da jaka da ba wanda ya san inda za shi. Ƙofofi kuwa ba a magana: ga Sabuwa, ga Sabuwa ta Biyu, ga ta Ƙarshe, ga ta Ƙarshe ta Gaskiya, ga wadda aka rubuta wa Kada A Taɓa, an kuma manta wanda ya rubuta. Mutum kan danna fayil ya je ya yi alwala ya dawo bai buɗe ba. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar adanawa, aikin yini ya tafi. Aka yi ta zagin kwamfutoci, aka matsa wa Mai Kamfani ya sayo sababbi. Ya sayo, ba a jima ba su ma suka koyi jan ƙafa.

Wata ƙofa ce ta kawo ƙarshen wasa. Ofis ya zana wani ƙaramin asibitin haihuwa, aka gina, aka yi fenti. Ranar da aka kawo kaya aka turo gadon marasa lafiya zuwa ɗakin haihuwa, gado ya ce sam bai ga ta shiga ba. Ƙofar ta gaza da kamar faɗin tafin hannu. Da aka bincika, mai zanen ba ganganci ya yi ba, cikin ƙofofin nan masu kama da juna ne ya zaɓi ta ƙasa a jerin maimakon ta samanta. Inna na cikin waɗanda aka tura su gano. Ta tsaya tana kallon magina na fasa bangon da ƙanshin fenti bai sake shi ba, ungozoma na gefe riƙe da ƙugu tana cewa, "Gara da ya maƙale babu kowa a kai." Maganar nan ta bi Inna har gida. Washegari ta shiga wurin Mai Kamfani ta ce a bar mata Uwa. Ya ce mata ai wannan ba muƙami ba ne, babu ƙarin girma a ciki. Ta ce ta sani, shara ma ba muƙami ba ce, amma gidan da ba a yin ta ba ya zaunuwa.

Tun daga nan Alhamis ta zama ranar shara. Dokarta ɗaya ce, kowa ya haddace: abin da kusan kowane gini ke buƙata ya zauna a Uwa, abin da sai jefi-jefi ake nema ya koma sito. Sito wata ma'ajiya ce da ta buɗe daban, ta jera komai da sunan da kowa zai gane, mai buƙata ya je ya ɗauko ya sa a nasa aikin kaɗai. Duk abin da ya shekara ba a gina shi ko'ina ba ya tafi can, ba ruwanta da wanda ya zana. Ba ta taɓa kulle fayil ɗin ba, ta ce amana ba ta son kwaɗo, shi ya sa masu ƙarfin hali kan faki idonta su yi ajiya. Ba ta kuma yin shara a ɓoye. Tasowa take da kofinta ta tsaya a kan mutum.

"Ɗana, famfon wankan nan mai kan zaki naka ne?"

"Nawa ne, Inna. Wata rana za a buƙace shi."

"Allah ya kawo ranar. Kafin ta zo yana sito yana jiranka."

"Ai ba shi da wani nauyi."

"Haka kowa ke cewa da nasa. To wa ya ɗora wa jakin kayan da ya kayar da shi?"

Shi kansa Mai Kamfani bai tsira ba. Yana da wata ƙofar gida mai ado da ya taɓa zana wa wani attajiri, yana ji da ita kamar 'yar fari. Da ya neme ta a Uwa ya rasa, ya fito daga ofishinsa da tabarau a hannu ya ce, "Inna, har da ni?" Ta ce, "Ranka ya daɗe, ai kai ka fi kowa sanin hanyar sito, ginin naka ne." Ya yi dariya ya koma, daga ranar kuma ba wanda ya sake kai ƙararta.

Masu shaida suna nan da ransu. Injiniyan da ke tsaye kan magina ya ce ya sha buɗe zane a ƙarƙashin rumfar kwano, da tsohuwar kwamfutar da batirinta ke haki, motar kankare na jiran awo ɗaya, zane kuma ya buɗe kafin batir ya mutu. Wata mai zane da ta haihu ta yi watanni tana aiki daga gida, da intanet ɗin da sai an ɗaga waya sama, ta ce da a zamanin shirgi ne da tuni ta haƙura da aikin. Sabon ma'aikaci ba ya tambayar wace ƙofa ake sa wa ɗakin asibiti, don guda ɗaya ce, faɗinta kuma na rubuce a jikin sunanta. Cikin duk waɗannan babu wanda ya taɓa hawowa bene ya yi mata godiya. Ba rashin kirki ba ne, mutum dai ba ya tuna ya gode saboda abin da bai faru ba.

Ke ce, Inna, mai aikin da ba a gani sai ranar da ba a yi shi ba. Babu allon ginin da ke ɗauke da sunanki, ba a taɓa kiranki wurin yanka kirtani ba, amma matar da aka turo a gado ta shige ƙofa salin-alin, da hannunki a ciki. Tsintsiya mai shiga lungu, ba ki san na gida ba, ba ki san baƙo ba.

Sai dai jinjinar da ta ɓoye tabo ba ta cika ba, kuma masu magana sun ce wanzami ba ya son jarfa. Akwai abu ɗaya da tsintsiyar nan ta yi shekaru tana tsallakewa.

A jerin tagogin Uwa, can ƙasa, akwai wata mai suna Tagar Ɗakinta. Mai Fensir ne ya zana ta a watanninsa na ƙarshe, lokacin yana koyon manhajar da zumuɗin sabon shiga, don gidan da suke burin ginawa. Taga ce ta katako mai fale-fale a karkace, iska ta shiga, zafin rana ya tsaya waje. Da yake mutum ne mai son aiki, babu abin da ya bari, kowace ƙusa da kowane sukuru sai da ya zana, har da jijiyar katako. Ita kaɗai ta fi duk ƙofofin Uwa nauyi in an haɗa su. Ga shi kuma ya sa gindinta ƙasa-ƙasa, da ƙyar ta wuce gwiwar mutum, abin da kowa ya ɗauka kuskuren ɗan koyo ne. Ba a taɓa sa ta a gini ba. Gidan ma da Inna ta lallaɓa ta gina daga baya, tagogin kasuwa na alminiyam ta sa, don a lokacin ko buɗe zanen ba ta iya yi ba tare da idonta ya rufe da hawaye ba.

Ta san dokarta ta kama tagar. Ta kuma san muddin tana cikin Uwa, duk makarantar da ofis ya zana, duk asibiti, duk shago, da aikin mijinta a ciki ake haifarsa, ko da ba wanda zai gani. Wannan ne ta kasa saki. Da safe in fayil ya buɗe, kafin ta duba komai sai ta gangara ƙasan jerin ta ga sunan, sannan ta kurɓi shayi. Kowa a ofis ya sani, kowa ya kama bakinsa. Sabon ma'aikaci ma kafin a nuna masa banɗaki ake ja masa kunne a kan tagar.

Dogo ne ya fasa ƙwan. Gwanin mai zane ne, magidanci da 'ya'yansa, mai saurin fushi da saurin nadama, kuma shi Mai Kamfani ya zaɓa ya gaji Uwa in Inna ta tafi, saura 'yan watanni. Yana da wata matakala mai murɗewa kamar katantanwa da ya sha wahalar ƙerawa, aka gina ta sau ɗaya a wani otal, ba a sake nemanta ba. Ranar da Inna ta tsaya a kansa da kofi, ya riga ya cika ya batse, wani mai gini ya soke masa aiki da safen.

"Ɗana, matakalarka za ta koma sito."

"Sito," ya ce, bai ko ɗago ba. "Inna, mu faɗa wa juna gaskiya. Wa ya taɓa shiga sito ya dawo? Maƙabarta ce, suna kawai kika canza mata."

"Mai buƙata yana zuwa ya ɗauka."

"To ita tagar fa? Shekara nawa ba a gina ta ba? Ko ita doka ba ta hawa kanta? Laifi tudu ne, Inna."

Kowa ya waiwayo. Inna ta dubi cikin kofinta ta ce, "Ka yi gaskiya." Ta koma teburinta. Ranar ba ta taɓa matakalar ba, ba ta taɓa tagar ba. Alhamis ta zagayo ba ta yi shara ba, wata ta sake zagayowa, haka. Ba fushi take yi ba. Kunya ce ta kama ta, ta ga ba ta da bakin da za ta sake tsayawa a kan kowa. Mutane kuwa da suka ga kyanwa ta yi barci sai aka dawo da tsohon hali. Famfo mai kan zaki ya lallaɓo ya koma mazauninsa, wata kujera ta biyo shi. Da safe Inna kan ajiye cokali ta waiwayo ta tarar da'ira na kewaye, ta zauna ta jira kamar kowa. Aikin rayuwarta na warwarewa a gaban idonta, ana saura kaɗan ta tafi, ta kuma san abin da zai tsayar da shi.

Dogo ya rasa inda zai sa kansa. Ya je ya gaishe ta ya fi a ƙirga, tana amsawa da fara'a, abin da ya fi zagi ciwo. Sai ya tara abokan aiki a bakin butar shayi, suka ƙulla wata dabara irin wadda sai masu zane za su ƙulla. Doka ta ce abin da ba a gina ba ya tafi. To, a gina tagar mana. Kowa ya nemi wani lungu a aikin da ke hannunsa, inda mai gini ba zai lura ba, ya soka ta. In ta fito a gine-gine biyu ko uku ta zama mai amfani, Inna ta samu hujja, tsintsiya ta dawo bakin aiki, kowa ya huta. Suka rabu suna yaba wa kansu da hikima, sun manta duk takardar da za ta fita daga ofishin sai ta bi ta gaban wa.

"Dogo, zo ka karanta mini wannan," in ji Inna, zanen wata makarantar firamare shimfiɗe a gabanta.

Ya taso yana jan ƙafa. "Taga ce, Inna."

"Na ga taga ce. Ina take kallo?"

"Katanga."

"Tsakaninta da katangar fa?"

"Taku ɗaya zai yi."

"Me ake ajiyewa a ɗakin?"

Ya ce can ƙasan maƙoshi, "Bokitai da tsintsiya."

Wani ya kasa riƙe dariya. Inna ma ta yi, har ta cire tabarau, kuma da ta cire ba dariya kaɗai ta share ba. Ta ce, "Bawan Allah ya zana ta don iska da haske, ku kun kai ta ta yi gadin bokiti. Kuma makarantar yara, taga a gwiwa, ku jira ɗan wani ya zura kai ya maƙale? Garin ceton tagata za ku maimaita mini ƙofar asibiti. Na gane nufinku, Allah ya yi muku albarka. Kowa ya je ya cire tasa."

"Inna, ki yafe mini," in ji Dogo. "Bakina ne ya ja duk wannan."

"Bakinka bai yi ƙarya ba, ɗana. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ni ce na yi shekaru ina faɗa wa kaina ai ba ta da wani nauyi."

Alhamis ɗinta ta ƙarshe ta ce kowa ya bar abin da yake yi ya zo. Suka kewaye teburinta, har da Mai Kamfani. Ta kori famfo, ta kori kujera, ta kori matakala, Dogo na gyaɗa kai kamar ƙadangare. Sannan ta gangara ƙasan jerin. Ta buɗe tagar, ta juya ta a allo gaba da baya, ta tsaya tana kallon sukurorin nan da ba wanda ya roƙe shi ya zana. Ta aika ta firinta, ta jira babbar takarda ta fito, ta naɗe ta ajiye a cinyarta. Kowa na kallo, ba wanda ya ce a bari. Ta yi bismillah ta mayar da ita sito.

Ta rufe fayil, ta tashi daga kujerar, ta ce wa Dogo ya zauna ya haɗa shayi. Ya danna Uwa, ya juya zai ɗauki sukari, kafin hannunsa ya kai ga cokali fayil ya buɗe. Ba wanda ya yi tafi. Inna ta dubi allon ta ce a hankali, ba da su take ba, "Ashe haka kake da nauyi, Malam. Kana raye iska ma tana ɗaukarka."

Takardar nan ba ta kwana biyu a gida ba ta kai ta wurin kafinta. Da ya gama, Dogo ya zo wata Asabar da magini da wasu 'yan ofis, aka cire tagar alminiyam ta ɗakinta, aka fara fasa bango zuwa ƙasa. Magini ya duba takarda, ya duba bango, ya ajiye guduma.

"Inna, awon nan akwai kuskure. Taga a gwiwa? Bari in ɗaga ta daidai da sauran."

Dogo ya dube ta, don shi ma abin da ke ransa ke nan. Ta ce, "Ni ma haka na ɗauka tun farko. Amma yana raye ban taɓa gyara masa zane ban tambaye shi ba, yanzu kuma ba halin tambaya. A sa ta yadda ya zana."

Aka sa. 'Yarta ta share ƙura, maza suka fita tsakar gida wanke hannu. Daga tsaye abin ba kyan gani, mutum ba ya hango komai sai ƙasa da gindin bishiya, magini ya fita yana girgiza kai. La'asar ta yi, Inna ta shimfiɗa tabarmarta a inda ta saba, ta yi salla, ta zauna da carbi. Iska ta taɓa mata fuska, ta juya. Tagar na daidai idonta. Ta tsakanin fale-falen tana ganin tsakar gida duka, jikokinta na wasa a inuwa, ga ƙofar gida can, duk mai shigowa sai ta riga kowa ganinsa, rana kuma ba ta dukanta.

Sai ta tuna. Wata rana ce a ɗakin hayarsu, tana zaune haka bayan salla, ya shigo da tef ɗin awo ya durƙusa, ya auna daga ƙasa zuwa idonta. Ta ture masa hannu ta ce, "Likkafani kake auna mini tun yanzu?" Ya yi dariya, ya zaro fensir daga kunne ya rubuta a bangon littafi, ya ce aikin ofis ne. Ba ta sake tuna ranar ba sai yau. Shekarun nan duka tana gaishe da tagar kowace safiya a allo, ba ta taɓa sanin abin da ya bar mata ba, don riƙe ta take yi, shi kuwa ya zana ta ne a gina.

Ta yi kuka, ba kuma na baƙin ciki kaɗai ba. Ta kira 'yarta ta ce, "Zo ki zauna nan ki ga aikin babanki." Ta aika aka kira Dogo. Ya shigo ya tsaya da tsawonsa yana kallon ƙasa, ta ce, "Daga can ba za ka gani ba. Durƙusa." Ya durƙusa a gefen tabarma, ya leƙa, ya daɗe yana kallo.

Mun gode, Inna. Mun gode da Alhamis ɗin da ba wanda ya ƙirga, da ƙofofin da ba a fasa ba, da haƙurin tsayawa a kan mutum a faɗa masa abin da ba ya son ji. Mun fi gode miki da ranar da kika juya tsintsiyar kan abin da kika fi so, a gaban kowa. Duk wanda aka ba amanar abin da jama'a ke ɗiba, fayil ne, ko sito, ko akwatin kayan aiki, ya yi koyi da ke: ya rage shirgi don na bayansa su yi sauri, in zai fara kuma ya fara da nasa.

Dogo ya ce a gaya miki Uwa na buɗewa kafin cokali, famfo mai kan zaki ya sake yunƙurin dawowa, ya tsaya a kan mai shi da kofi. Allah ya ƙara lafiya, ya jiƙan Mai Fensir. Ki zauna a tabarmarki ki sha iska, Inna. Wanda ya auna, daidai ya auna.